Mesothelioma: tsakanin tiyata, kemo, maganin garkuwar jiki da sauƙaƙa numfashi

Duk iyalin da likita ya zaunar ya shaida musu cewa ciwon da ke ƙirjin mahaifinsu mesothelioma ce, kusan tambayarsu ɗaya ce: "Likita, za a iya aiki a cire?" A tunanin mutanenmu wuƙa ita ce magani na gaske, allura da ƙarin ruwa kuwa lallaɓawa ce kawai. A wannan ciwon ba haka abin yake ba. Babban aikin ƙirji yana cin kuɗi, ya fi kowane zaɓi cin ƙarfin jiki, hujjarsa kuma ta fi ta kowanne rauni. Abin da ake rainawa, wato zuƙe ruwan ƙirji da kashe zafi, shi ne majinyaci ke jin amfaninsa tun ranar farko.

Mesothelioma kansa ce ta siririn tantanin da ya lulluɓe huhu ya kuma shimfiɗu a bangon ƙirji ta ciki. A nan take fito wa mafi yawan mutane, kaɗan kuma a tantanin ciki. Ƙurar asbestos ke kawo ta, irin wanda aka riƙa yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa da birkin mota da shi. Wani likita mai suna J. C. Wagner ne da abokan aikinsa suka tabbatar da alaƙar a 1960, bayan sun tattara mutum 33 masu ciwon a Afirka ta Kudu, kusan dukkansu sun taɓa shaƙar ƙurar shuɗin asbestos da ake haƙa a lardin Kef. Wasunsu ba su taɓa shiga ramin ba, zama kusa da shi kawai suka yi. Ciwon yakan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana. Shi ya sa kafintan da ya yanka kwanon asbestos da zarto yana saurayi sai ya manyanta zai fara haki, haka ma matar da ta riƙa kakkaɓe masa kayan aiki kafin ta wanke.

Yadda take girma shi ne tushen duk wahalar. Ba curi ɗaya take yi ba da za a kewaye shi a yanke. Shimfiɗuwa take yi ta manne wa cikin ƙirji kamar ƙanzo a tukunya: kana iya kankare mai yawa, amma ba za ka rantse ka fitar da shi duka ba. Don haka babu wani magani a yau da likita mai gaskiya zai ce maka yana warkar da ita. Ana neman abu biyu ne, ƙarin lokaci da kuma sauƙi a cikin lokacin.

Kafin a zaɓi komai

Tsoho mai tari da rama da ruwa a gefe ɗaya na ƙirji, a asibitocinmu tarin fuka ake fara zato, kuma ba laifi ba ne tunda shi ya fi yawa. Matsalar ita ce a shanye maganin wata 6 ruwan yana ta dawowa ba a sake tunani ba. Idan gwajin majina bai nuna tibi ba, ruwan kuma ya sake taruwa, a nemi hoton CT, a kuma gaya wa likita irin sana'ar da mutum ya yi tun yana yaro ko da bai tambaya ba.

Gwajin ruwan da aka zuƙo sau da yawa ba ya isa. Sai an ɗebo ɗan nama daga tantanin an duba. Wannan takardar ita ce mafi daraja a cikin fayil ɗin, domin ita ke faɗin nau'in ƙwayoyin kansar. Za a ga ɗaya daga kalmomi uku: epithelioid, wanda ya fi yawa ya kuma fi jin magani, sarcomatoid, mai saurin yaɗuwa da taurin kai, ko biphasic, wato haɗin biyun. Abu na biyu da likitoci ke aunawa ba a ɗakin gwaji yake ba. Majinyacin yana yi wa kansa wanka? Yana fita masallaci? Ko fiye da rabin yini a kwance yake? Duk binciken da zan kawo a kan masu sauran ƙarfi aka yi shi. Wanda ya riga ya kwanta, magani mai nauyi ya fi kusa da ya ƙara kayar da shi.

Kemo ko maganin garkuwar jiki

A nan ne ainihin zaɓin yake, kuma sai an ɗan daure wa alƙaluma. Idan masu bincike suka ce wata 12, nufinsu an jera majinyatan daga wanda ya fara rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa, na tsakiyar layin ya yi wata 12. Rabi ba su kai ba, rabi sun wuce, wasu har da shekaru. Ba ajalin kowa aka rubuta ba, wannan na wurin Allah ne. Ma'auni ne na gwada magani da magani.

Kemon da ake yi wa wannan ciwo haɗin pemetrexed da cisplatin ne, ta ƙarin ruwa, sau ɗaya duk mako 3, zagaye 4 zuwa 6. Binciken da ya kafa shi ya fito a 2003: waɗanda suka samu haɗin sun yi wata 12.1, waɗanda suka samu cisplatin kaɗai wata 9.3. Ƙarin kusan wata 3 ke nan, tare da raguwar haki da ciwon ƙirji. Wahalarsa sananniya ce, kasala da tashin zuciya da ƙarancin jini, sai dai gashin kai ba kasafai yake zubewa duka ba. Cisplatin yana taɓa ƙoda da ji, saboda haka ga dattijo ko mai raunin ƙoda ana musanya shi da carboplatin, kuma sakamakon bai yi nisa ba. Dole ne a sha folic acid kullum a kuma yi allurar bitamin B12 duk mako 9. Wanda ya yi sakaci da su yana iya samun gyambon baki da faɗuwar jini mai haɗari. A ajiye ibuprofen da diclofenac na kemis a kwanakin ƙarin ruwan, haka ma jiƙe-jiƙe da sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa, don ƙodar tana da aikin da ya ishe ta. Kuma a yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara, tunda yana da yawa a cikinmu kuma kemo na iya tashinsa.

A Faransa an gwada ƙara bevacizumab a kan wannan kemon, sakamakon ya fito a 2016: wata 18.8 da 16.1. Yana hawar da jini, yana iya jawo daskarewar jini ko zubarsa, kuma yana ƙara tsada. Ga wanda zai iya, ƙari ne mai ɗan amfani.

Maganin garkuwar jiki aikinsa dabam. Shi ba ya kashe kansar da kansa. Sakin birkin sojojin jiki yake yi su far mata. Haɗin nivolumab da ipilimumab ne, na farko duk mako 2 ko 3, na biyu duk mako 6, har zuwa shekara 2 idan jiki ya ɗauka. An gwada shi da kemo a kan mutum 605 a binciken CheckMate 743, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a Oktoban 2020. A dunƙule, masu maganin garkuwar sun yi wata 18.1, masu kemo 14.1. Bayan shekara 3, kashi 23 cikin 100 na masu maganin garkuwar suna raye, na kemo kashi 15.

To amma sai an raba su bisa takardar nan ta gwajin nama sannan labarin ke fitowa. Ga masu sarcomatoid da biphasic, wata 18.1 ne da 8.8, wato ninki biyu. Ga masu epithelioid, 18.7 da 16.5, ratar da ba ta taka kara ta karya ba. Ma'ana maganin garkuwar yana aiki kusan daidai a kowane nau'i. Kemo ne ke gazawa a nau'in mai taurin kai.

Ni a ganina wannan ya raba gardama fiye da duk wata talla. Idan takarda ta ce epithelioid kuma kuɗi na aljihu ne, kemo ba maganin talaka ba ne da aka koma masa don rashin yadda za a yi. Zaɓi ne mai hujja, pemetrexed ya daɗe da samun kamfanoni da yawa masu yin sa, kuma cikin wata 3 zuwa 5 an gama a huta. Sayar da gona don wata biyun da ba su ma tabbata ba, a yi tunani sau biyu. Idan kuwa sarcomatoid ce ko biphasic, to idan akwai inda ya cancanci dangi su haɗa ƙarfi, nan ne. Sai dai a lissafa kuɗin tafiyar gaba ɗaya, ba na allurar farko ba, domin tsadarsa ta ninka ta kemo sau da yawa. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayyar Nijeriya kuma da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate) ya fara, kada a ɗora rai a kansa ba a tambaya ba.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Ana tallata maganin garkuwar jiki da cewa ya fi kemo sauƙi, amma a binciken nan masu matsala mai tsanani kusan kashi 30 cikin 100 ne a kowane ɓangare. Iri ne ya bambanta. Sojojin da aka saki suna iya juyowa kan hanji ko huhu ko hanta ko fata, wani lokaci bayan watanni. Gudawar da ta zo a kan wannan magani ba ta a je kemis a ce taifot ba ce. Tana bukatar likitan da ya san abin da ake ciki ya sa sitiroyid da wuri. Wanda gidansa ke da nisan yini guda daga asibitin koyarwa ya sa wannan a ma'auni. Mai cutar da garkuwar jiki ke cin jikinsa, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, yawanci ba nasa ba ne.

An kuma haɗa hanyoyin biyu: pembrolizumab a kan kemo ya ba da wata 17.3 da 16.1, Amurka ta amince da shi a Satumban 2024, nan ma masu nau'in mai taurin kai suka fi amfana. Wanda ya fara da kemo kuma ƙofa ba ta rufe masa ba. A wani bincike na Birtaniya, waɗanda ciwonsu ya dawo aka ba su nivolumab kaɗai sun yi wata 10.2, waɗanda ba a ba su ba 6.9.

Tiyata

Aiki iri biyu ne. Na farko a cire huhu ɗaya gaba ɗaya da tantaninsa da ɓangaren tsokar da ta raba ƙirji da ciki da jakar zuciya. Na biyu a feɗe tantanin a bar huhun. Shekaru da dama ana yin su bisa rahotannin manyan asibitoci cewa waɗanda aka yi wa aiki sun fi daɗewa. An manta cewa masu ƙarfi da ƙaramin ciwo ake zaɓa a kai ɗakin tiyata, kuma irin waɗannan dama sun fi daɗewa ko ba a taɓa su ba.

Birtaniya ce ta gwada abin da ƙuri'a, wato ƙuri'a ce ke raba wanda za a yi wa aiki da wanda ba za a yi wa ba, kuma ba mamaki, don tana cikin ƙasashen da ciwon ya fi yi wa ɓarna. Fiye da mutum 2,000 yake kashewa a can duk shekara duk da an haramta asbestos tun 1999. Binciken MARS na 2011 ƙarami ne, mutum 50, amma ya nuna masu cire huhu sun yi wata 14.4, waɗanda ba a cire wa ba 19.5. Sai likitocin tiyata suka koma feɗe tantani. Shi ma aka gwada shi a MARS 2, mutum 335, sakamako a 2024: aiki da kemo wata 19.3, kemo kaɗai 24.8. Masu aikin sun fi samun matsaloli masu tsanani nesa ba kusa ba, jin daɗin rayuwarsu ya ragu, kuɗin da aka kashe kuma ya ƙaru.

Wasu likitocin tiyata, musamman a Amurka, ba su yarda ba. Suna cewa an sa mutanen da bai kamata a yi wa aiki ba, kuma a hannun ƙwararrun da ke yin sa kullum, ga mai epithelioid da ciwon bai yi nisa ba, sakamakon zai bambanta. Mai yiwuwa. Amma har yanzu ba su kawo gwajin ƙuri'a da ya nuna haka ba, kuma ko a bisa maganarsu abin na 'yan tsiraru ne a cibiyoyi ƙalilan.

Inda tiyata ke da ƙafar tsayawa shi ne ciwon da ya fito a ciki. A nan ana kwashe duk abin da ido ya gani sannan a wanke cikin da kemo mai ɗumi. Rahoton cibiyoyi da dama na 2009 a kan mutum 405 ya nuna wata 53. Su ma zaɓaɓɓu ne, ba a yi ƙuri'a ba, amma ratar ta kai a nemi ra'ayin masu wannan aikin idan ciwon na ciki ne kuma epithelioid.

Ruwan ƙirji

Mafi yawan majinyata da haki suke zuwa, kuma ruwan da ya danne huhu ne sanadi. Zuƙewa da allura tana kawo sauƙi nan take. Ba a wuce kamar lita ɗaya da rabi a zama ɗaya. Sai dai ruwan yana dawowa, kuma maimaita huda yana kawo ƙwayar cuta ya kuma raba ruwan aljihu-aljihu har ya gagari allura. Idan aka zuƙe sau ɗaya ko biyu ya dawo, lokaci ya yi da za a zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu.

Ta farko a sa roba a tsiyaye ruwan, sannan a zuba hodar talc ta asibiti tsakanin huhu da bangon ƙirji don su manne, ruwa ya rasa wurin taruwa. Ana kwana kaɗan a asibiti, akan yi zazzaɓi da ciwo na ɗan lokaci, idan ta kama kuma an rabu da roba. Sharaɗinta huhun ya buɗe ya taɓa bango. Idan kansar ta ɗaure shi ya ƙi buɗewa, hodar ba ta da abin mannawa.

Ta biyu siririyar roba ce da ake binnewa ƙarƙashin fata a bar ta, a riƙa tsiyaye ruwan a gida sau 2 ko 3 a mako. Binciken TIME2 na 2012 ya nuna hanyoyin biyu daidai suke wajen rage haki, mai robar dai ya fi saurin komawa gida. Amma a Ingila ma'aikaciyar jinya ce ke zuwa gida da kwalaben zuƙa. A wurinmu sai a tambaya: ina za a riƙa samun kwalaben, wa zai koyi aikin, akwai ruwa mai tsabta da safar hannu? Idan huhu yana buɗewa, na fi karkata ga hoda saboda sau ɗaya ce. Idan ba ya buɗewa, robar ce mafita, a kuma ware mutum ɗaya mai natsuwa a gidan ya zama shi ke kula da ita.

Gashi da maganin zafi

Gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura (radiotherapy), a wannan ciwon aikinsa ƙarami ne amma na gaske. Idan zafin ya tsaya wuri ɗaya a haƙarƙari, zama 5 kan wadatar. A wani ƙaramin bincike na Birtaniya kusan rabin waɗanda aka auna bayan mako 5 sun samu sauƙi. Tsohuwar al'adar gasa wurin da aka huda don hana kansar biyo ramin kuwa, bincike biyu na 2016 da 2019 sun nuna ba ta da amfani, kada a biya kuɗinta. Akwai sashen gashi a Shika da Sakkwato da Asibitin Ƙasa na Abuja, Yamai ma ta buɗe nata a 2021. A buga waya a tabbatar na'urar na aiki kafin a ɗora mai haki a mota.

Zafin mesothelioma yana da fuska biyu. Akwai mai nauyi da danna, akwai kuma mai ƙuna da tsira kamar lantarki idan kansar ta taɓa jijiyoyin haƙarƙari. Na farko yana jin farasitamol da morfin, na biyu yakan so a ƙara gabapentin ko amitriptyline. A nan ne iyalai ke ja da baya. Tun da aka ga abin da tiramol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, sunan morfin kaɗai yana tsorata mutane. Wasu kuma suna ganin duk wanda aka sa wa shi an sallama shi ne. Morfin na sha, a ƙaramin awo, a kan lokaci, bisa rubutun likita, ba ya mai da dattijo mashayi kuma ba ya gaggauta masa. Yana rage haki ma. Abin da ya tabbata zai kawo shi ne taurin bayan gida, saboda haka a karɓi maganin wannan tare da shi tun ranar farko. Kada a jira sai ya yi kururuwa sannan a ba shi. Zafin da aka bari ya hau ya fi wuyar saukarwa.

Sauran dabarun ba su da tsada. Iskar ƙaramar fanka ko mafici a fuska tana rage jin sarƙewar numfashi. Oksijin kuwa sai ga wanda aka auna aka ga nasa ya yi ƙasa, ba kowane mai haki ba. A kwantar da shi a jingine. Ramar da yake yi daga ciwon ne, ba rashin kulawar uwargida ba, don haka a daina ɗura masa tuwo ana faɗa. Kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa sun fi. Azumi kuma shari'a ta riga ta ba marar lafiya rangwame, balle mai shan cisplatin da ƙodarsa ke bukatar ruwa.

An yi wani bincike a Birtaniya da Ostireliya, ya fito a 2019, da ya nuna tura kowane majinyaci wurin ƙwararrun sauƙaƙa ciwo tun ranar farko bai ƙara masa komai ba. Kada a ɗauke shi a matsayin hujjar jinkiri. Waɗancan majinyatan suna da ma'aikatan jinya na musamman da lambar da za su kira da dare. Namu ba shi da kowa sai 'ya'yansa, saboda haka a tambayi sashen kula da masu zafin ciwo tun ana shirin kemo, su tafi tare.

Mun saba ɓoye wa dattijo sunan ciwonsa don kada hankalinsa ya tashi. Amma duk zaɓin nan jikinsa ne zai ɗauka. Wani zai ce a gwada duk abin da ake da shi. Wani zai ce a zuƙe masa ruwan, a ba shi maganin zafi, a mai da shi garinsu ya biya bashi ya yi wasiyya ya ga auren autarsa. Dukansu suna da hankali, kuma ba za a san wanne ne shi ba sai an tambaye shi.

Masu shirin Indiya ko Masar ko Turkiyya, kafin a biya kafin alƙalami a tura takardar gwajin nama da hoton CT, a nemi amsa a rubuce: wane magani za a yi, zagaye nawa, nawa ne kuɗinsa duka, kuma wane ɓangare za a iya ci gaba da shi a gida. Idan amsar pemetrexed da carboplatin ce, ana yin su a asibitocin koyarwa na nan. Idan babban aikin ƙirji suka ce, a tambaye su me za su ce game da MARS 2. Kuma mai ruwa a ƙirji ba ya hawa jirgi sai likitan huhu ya duba shi ya amince.